Sufeto Surajo da Sawun Jakin Baba Ɗantani

A Kwarin Gawo, wani ɗan ƙauye tsakanin Bebeji da Kiru, an yi wani mutum ana ce masa Surajo, amma in kana so ya waiwayo da sauri sai ka ce Sufeto. Ba wanda ya naɗa shi. A ranin alif ɗari tara da hamsin da huɗu ne ya tafi cin rani Kano, ya samu aikin ɗebo ruwa a barikin 'yan doka. Akwai wata taga da yakan sauke garwa a gindinta ya leƙa, inda wani Bature ke koya wa kurata yadda ake binciken wurin da aka yi ɓarna. Baturen da Turanci yake magana, tafintan kuma muryarsa ba ta kai taga, saboda haka Surajo da ido kaɗai ya yi karatunsa. Ran kwana arba'in aka gano dalilin da ya sa randunan bariki ba sa cika, aka sallame shi.

Ya dawo gida da usur, da tsohon bel wanda sai an ɗaure shi da igiya, da baki. Kai, bakin nan! Tun daga ranar kunnuwan gari ba su sake hutawa ba.

"Ku nan in an yi sata sai ku zuba da gudu kamar garken awaki," yakan ce a gindin gawo. "Mu a bariki ba ma bin ɓarawo. Wurin muke tambaya, wurin ya faɗa mana sunansa da na ubansa. Abu uku ne kawai: a kewaye wuri, a kwashe shaida, a ɗauki yatsa."

Wata biyar yana roƙon Allah ya kawo sata garin, ko ta kaza ce. Da damina ta faɗi sai aka amsa masa, amma a kan wanda bai ci ba bai sha ba.

Baba Ɗantani tsoho ne, ba ɗa ba jika. Matarsa Iya Hasana ke ginin tukwane, shi kuma ya ɗora wa jakinsa ya kai kasuwanni. Gwiwoyinsa sun daɗe da ƙin noma, don haka jakin nan shi ne gonarsu, shi ne rumbunsu. Rannan da asuba ya fito alwala ya tarar da turke, ga guntuwar igiya an yanke, ba jaki. Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa yana salati, har maƙwabta suka cika gidan.

Aka kira Sambo, wani Bafillatani mai bin sawu da ke rugar bayan gari. An ɗan yi yayyafi kafin asuba, ƙasa ta yi laushi, sawu ya fito raɗau. Sambo ya duƙa ya duba, ya miƙe.

"Baba, kwantar da hankalinka. Ai jakinka kofatonsa na gaba tsagagge ne, ko cikin jakai ɗari na gane shi. Ga shi nan ya yi kudu, mutum ɗaya ke jan sa, jakin kuma yana turjewa. In muka tashi yanzu, kafin azahar mun cim masa. Amma a yi sauri. Ga hadari yana haɗuwa, gobe kuma kasuwar Tudun Wada ke ci. In fatake suka saye shi suka yi wajen Doguwa, sai dai labari."

Al'adar yankin kuwa sananniya ce. A bi sawu har iyakar gari, a damƙa shi ga dagacin gaba, shi kuma ya fitar da shi daga ƙasarsa ko ya nemo ɓarawon a cikin mutanensa. Wanda sawu ya mutu a hannunsa, shi ke ɗaukar asarar. Samari har sun ɗauko sanduna.

Fiiit! Usur ya tashi. Sai ga Surajo ya ratso taro, bel a kan riga, yana tafiya kamar ya haɗiyi muciya.

"Kowa ya tsaya inda yake! Kada wanda ya ɗaga ƙafa!"

Dagaci, wanda ya iso ke nan yana gyara rawani, ya ce, "Lafiya, Surajo?"

"Ranka ya daɗe, dokar ta canza. Yanzu garin da ya tattake wurin sata kafin a yi bincike, Bature da kansa ke zuwa ya tambayi dagaci. Na ga wanda aka cire wa rawani a kan haka da idona."

Bai ga kowa ba. Amma Dagaci mutum ne da ko kakin masinja ya hango sai ya fara neman wurin ɓuya. Ya taɓa rawaninsa ya ce, "To, a yi yadda ake yi a barikin. Amma ka hanzarta."

"Kafin hantsi, ranka ya daɗe, zan kawo maka sunan ɓarawon."

Aikin farko kewaye wuri. Igiyar da ta kai tsawon da yake so babu sai ta guga, saboda haka Surajo ya bi rijiyoyin garin uku ya kwance gugunansu, mata na tsaye da tuluna suna kallonsa. Ya kewaye turke, ya ga bai isa ba, ya kewaye gidan duka, ya haɗa da rabin hanyar masallaci. Iya Hasana na tsakar gida riƙe da buta aka rufe da ita.

"Iya, kada ki motsa. Kina cikin shaida."

"Ina cikin me? Kai ɗan nan, bayan gida zan zaga."

"Sai an gama bincike."

"To, binciken naka zai samu ƙarin shaida nan ba da daɗewa ba, wallahi."

Taro ya kwashe da dariya. Surajo ya busa usur ya ce dariya ma tana tayar da ƙura a wurin bincike.

Aiki na biyu kwashe shaida. A bariki ya ga Baturen yana dama wani farin gari ya zuba cikin sawu, in ya bushe a ɗaga shi ɗungurungum da siffar ƙafar. Surajo bai taɓa tambayar ko garin mene ne ba. Shi dai gari ne, fari ne. Ya shiga madafar Iya Hasana ya ɗauko ƙwaryar garin dawar da ta daka don tuwon dare.

"Kai! Abincinmu ke nan!"

"Iya, jaki kike so ko tuwo?"

Ya dama shi da ruwan butar da ke hannunta, ya bi sawun yana tsiyayawa, kofato bayan kofato, tun daga turke har bakin gari. Ya koma gefe ya harɗe hannu, ya ce a jira ya bushe.

Kaza ɗaya ce ta fara zuwa, ta karkata kai ta duba, ta kira 'yan uwanta. Zabi suka sauko daga kan danga. Kafin Surajo ya lalubo usur, awakin unguwa sun shigo ta ƙarƙashin igiya. Wannan na lasa, wannan na tono, shi kuma yana tsalle a tsakiyarsu yana "Kus! Kus! Wurin hukuma ne!" Abin da kaji suka rage, ƙafafunsa suka ƙarasa.

Sambo ya riƙe baki. "Ikon Allah. Shekara talatin ina bin sawu, yau na ga an yi wa sawu tuwo."

"Dabara ce," in ji Surajo yana haki. "Haka ake gane wanda ya yi ƙwari. Sauran da suka tsira su ne na gaskiya."

Guda shida ne suka tsira. Don kada kaji su koma musu, ya karɓi fartanya ya sassare su da ƙasarsu, ya zuba kowanne a cikin sabon kasko daga cikin waɗanda Iya Hasana ta gina ba ta kai ga gasawa ba. Ya jera su a inuwa. Yanzu daga turke zuwa bakin gari ba sauran sawun jaki, sai ramuka shida da kashin kaji.

Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka. Baba Ɗantani ya matso bakin igiya.

"Surajo, ɗana, don girman Allah ka bari a bi. In jakin nan ya tafi, ni da tsohuwar nan ba mu da abin ci."

"Baba, kai dai ka yi sa'a ina gari. Jakinka kamar yana turke."

Sambo ya dubi Dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a makara ba. Abin da ya ɓata na cikin gari ne. A bar ni in je mashigar rafi, can yashi ne mai danshi, zan ɗauki sawun daga nan."

Surajo ya juyo a hankali, ya ƙanƙance ido yadda ya ga Baturen yana yi.

"Tsaya tukuna. Wa ya faɗa maka ta mashigar rafi ya bi?"

"Ai ita ce hanyar kudu."

"Wa ya faɗa maka kudu ya yi?"

"Sawu."

"Wane sawun? Nuna mana shi."

Sambo ya dubi ramukan, ya dubi kaskon. "Ai ga shi can ka kwashe."

"Kun ji ko? Babu sawu, amma ya san hanya. Ya san mutum ɗaya ne. Ya san kofaton jakin Baba tsagagge ne. Ranka ya daɗe, mu a bariki wanda ya cika sani shi muke fara zaunarwa."

"Duk garin nan wa bai san kofaton jakin nan ba?" Iya Hasana ta ɗaga murya daga cikin igiya. "Ko kai ai ya taɓa harbin ka da shi!"

Amma Dagaci ya riga ya shiga ruɗu. Aka zaunar da Sambo a gindin gawo. Bafillatanin ya ɗora sandarsa a kafaɗa, ya ɗaga kai yana kallon hadari.

Saura aiki na uku, wanda Surajo ya fi ji da shi: ɗaukar yatsa. Ya aika marina aka cika masa ƙwarya da ruwan shuni. Takarda babu, sai ya roƙi Dagaci aron farar rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa a kan tabarma. Ya hau turmi ya yi shela.

"Duk namijin da ya isa ɗaukar fartanya ya zo ya dangwala yatsa! Umarnin hukuma ne!"

Nan ne ya taka abin da bai sani ba, ko ya sani ya manta. Rabon da a tara mazan Kwarin Gawo a ce su dangwala yatsa tun lokacin yaƙi, sa'ad da aka yi ɗiban gwamna aka kwashe su zuwa haƙar kuza. Mutum goma sha ɗaya suka tafi, bakwai suka dawo, suna tari. Wannan abu yana cikin kowane gida.

Wani daga baya ya ce, "Dangwale? Jama'a, kuza ce ta dawo!"

Wani ya ce, "Dama na ce usur ɗin nan ba banza ba. Ashe turo shi aka yi!"

Tabɗi! Kafin Surajo ya sauko daga turmi, fili ya zama wayam. Maza kusan arba'in suka runtuma, wasu ba hula, wani da ɗan akuyarsa a kafaɗa. Arewa hanyar mota ce, ta nan hukuma ke zuwa, ba mai bin ta a irin wannan rana. Duk sai suka yi kudu, suka afka mashigar rafi, suka dama yashin nan da ƙafa tamanin, suka faɗa daji.

Sambo ya sauke kai daga kallon hadari ya ce, "To. Sawun rafin ma ya tafi."

Surajo kuwa murna kamar ta kashe shi. "Ranka ya daɗe, ka gani? Mara laifi ba ya gudu! Ba ɓarawo ɗaya ba ne, ƙungiya ce! Mutum arba'in!"

"Har da limamin?" in ji Dagaci, don ya hango shi a gaba-gaba, ya tattare riga.

"Bincike ba ya duba rawani."

Waɗanda suka rage tsofaffi ne da ba sa iya gudu. Surajo ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsoma yatsunsu a shuni yana dannawa a rigar Dagaci, har da Baba Ɗantani mai jakin. Shuni ya bi hannunsa har gwiwar hannu. Rigar Juma'a ta koma kamar bayan zabuwa. Mata sun taru a bayan igiya, ba ruwa ba girki, suna ta zuba masa albarkar da ba a so.

Iya Hasana, wadda ta daɗe da tsallake igiya ta yi uzurinta ta dawo, ta tsaya a kansa.

"Ɗan nan, in tambaye ka mana. Ka ɓata rigar mai gari, mun gani. Yanzu da me za ka gwada waɗannan ɗigo-ɗigon?"

Surajo ya buɗe baki. Gaskiyar magana, ran da Baturen ya koyar da wannan ɓangaren, shi yana bakin rijiya.

"Da... da wanda ɓarawon ya bari."

"A ina ya bari?"

"A turke mana! Ai sai da ya dafa turke kafin ya yanke igiya."

Ya ruga ya rungumo turken, ya jijjiga shi, ya tumɓuke, ya kawo gaban Dagaci. Jama'a suka matso. Ai kuwa ga yatsu nan a jikin itacen, shuɗaye shar, guda goma cif.

"Allahu akbar!" in ji Surajo. "Kun gani? Wurin ya yi magana!"

Dagaci ya duba turken, ya duba rigarsa, ya sake duba turken. Sannan ya kama hannun Surajo ya ɗora a kan shaidar. Ta zauna daram.

"Surajo, ɓarawon nan da shuni a hannu ya zo?"

"Wataƙila marini ne, ranka ya daɗe."

"Kuma hannunsa daidai da naka?"

Ba a jira amsa ba, don a daidai nan aka yi tsawa, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya nemi zaure. Surajo ya tsaya a fili yana ƙoƙarin rufe kasko shida da jikinsa ɗaya. Ɗanyen yumɓu ne, ba a gasa ba. Kaskon da shaidar da ke ciki suka narke suka zama abu guda, suka bi kwata.

Washegari da sassafe, bayan an lallaso maza daga daji da rantsuwar cewa ba kuza, Dagaci ya ja tawaga zuwa garin da ke gaba, kamar yadda al'ada ta ce. Surajo ya ƙi a bar shi a baya. Ya kwaso abin da ya samu na laka a cikin hularsa ya biyo su.

Dagacin can ya karɓe su da mutunci, aka gaisa, aka tambayi ruwa da gonaki. Sannan ya ce, "To, ku nuna mini inda sawun ya shigo ƙasata, in fitar muku da shi."

Surajo ya matso ya buɗe hula.

"Mene ne wannan?"

"Sawun ne, ranka ya daɗe. An adana shi yadda ake yi a bariki."

Mutumin ya daɗe yana kallon lakar. Fadawansa suka fara tari suna juya baya.

"Ni dai ban ga abin da ya shigo ƙasata ba," ya ce. "Amma don zumunci zan faɗa muku abin da manomana suka gani. Jiya wani baƙo ya wuni a ƙarƙashin tsamiyar da ke tsallaken rafinku, da jaki mai tsagaggen kofato. Jakin ya kafe, ya ƙi gaba, sai juyawa yake yana kuka wajen garinku. Tun hantsi yake dukan sa har bayan azahar. Sai da ya ji gudun mutane ya taso daga rafi, ya zaci biyo shi aka yi, sannan ya samu jakin ya tsorata suka wuce."

Sambo ya ce a hankali, "Tsamiyar nan ko tsohuwa ta je ta dawo kafin tuwo ya nuna."

Suka ƙarasa Tudun Wada da rana tsaka. Dillalin jakai ya ce ƙwarai ya ga jakin, an sayar da shi tun kasuwa ba ta cika ba, fataken da suka saya kuma sun yi wajen Doguwa, ba wanda ya san inda za su kwana. Baba Ɗantani ya jingina da bangon rumfa ya yi kuka, kuka na gaske, a gaban mutanen kasuwa. Shekara tara yana tare da dabbar nan. Ko Surajo sai da ya sunkuyar da kai, na ɗan lokaci.

A gindin gawo aka yanke magana, gari duka na nan. Dagaci, sanye da tsohuwar riga, bai ja zance ba.

"Al'ada ta ce wanda sawu ya mutu a hannunsa shi ke ɗaukar asara. Ba a ƙasar maƙwabta ya mutu ba. A hannunka ya mutu, Surajo, kowa ya gani. Kana da jaki?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Saniya? Tunkiya?"

"Ina da usur."

"Kana da wuya dai. Daga yau har a kai amfanin gona gida ka samu abin saya masa wani, kai za ka riƙa ɗaukar tukwanen Iya Hasana zuwa kasuwa. Bebeji, Kiru, Tudun Wada, duk inda jakin ke zuwa."

Haka kuwa aka yi. Duk ranar kasuwa sai ka ga Sufeto a gaba, tuluna da tukwane an ɗaure a raga sun yi masa tsiri a ka, gumi na bin bel, Baba Ɗantani na biye da 'yar sandarsa. In sun haɗu da baƙi a hanya, Surajo kan rage murya ya ce musu aikin asiri yake yi, ya ɓad da kama ne don ya gano hanyoyin ɓarayin jakai, kada su faɗa wa kowa.

Wata rana a hanyar Kiru, yana cikin wannan bayani ya yi tuntuɓe, tulu biyu suka tarwatse. Wani mai wucewa ya taya su tsince, ya ce, "Sannu Baba. To, ya sabon ma'aikacin naka? Ya kai na da?"

Tsohon ya dubi gutsattsarin tulun, ya share ido da bakin riga.

"Ina! Wancan shekara tara bai fasa mini ko kasko ba. Kuma bawan Allah, tun daga gida har kasuwa, bai taɓa yi mini bayani ba."